Siniyar Baba

Inna ta rasu saura wata biyu a kama azumi. Lokacin ina da shekara ashirin, ina karatu a jami'a a Khartum, kuma abin da na iya a girki bai wuce shayi da soya ƙwai ba. Ƙwan ma, a faɗi gaskiya, rabinsa a jikin kasko yake tsayawa. Ba laifina ba ne ni kaɗai. Duk ranar da na leƙa kicin sai Inna ta ɗaga mini maburgi ta ce, "Fita, fita, koma kan littafinki. Na tsinci auduga a Jazira har bayana ya lanƙwashe, ba don ki zo ki zauna gaban gawayi ba." Ni kuwa da ma abin da nake so ke nan. Sai in yi fuskar tausayi in koma ɗaki, in ci abinci mai daɗi ban san yadda aka yi shi ba.

Wannan kafin yaƙin Sudan ne, lokacin da unguwarmu ta Dar Salam, can ƙarshen Umdurman, take cike da mutanenta. A layinmu namiji ba ya shan ruwa a cikin gida. Da rana ta yi ja sai a yayyafa wa titi ruwa, a shimfiɗa tabarmi dogaye daga ƙofar masallaci har zuwa shagon mai gawayi. Kowane gida ya fito da siniyarsa, wato babban tire na ƙarfe, an rufe shi da faifai mai launi. A kai akwai asida, wadda mu a gida tuwo muke ce mata, da miya, da dafaffen wake, da dabino, da jug na hilumur, wannan jan abin sha na dawa da ba a azumi sai da shi. A jera siniyoyin a tsakiya, kowa ya ci daga na kowa. Wanda ya zo wucewa kuma a tare shi, ko direban raksha ne, wato keke mai ƙafa uku, sai ya kashe injin ya sauko. Mata suna ciki suna jira. Idan siniya ta dawo, uwargida ta ɗaga faifai ta duba, a nan take sanin matsayin hannunta a layin. Ta Inna kullum a suɗe take dawowa.

Baba tela ne, yana ɗinka jallabiya a kasuwar Umdurman. Mutum ne mai hira da dariya, a kan tabarmar nan shi ake jira ya fara tsokana. Bayan rasuwar sai ya zama kamar an rage masa sauti. Ya tafi shago, ya dawo, ya kwanta a gadon igiya ƙarƙashin rumfa yana kallon sama. Yayana yana aiki a Saudiyya, ya zo gaisuwa ya koma. Gidan ya rage ni da Baba, muna gaisawa kamar baƙi a masauki.

Ana saura mako uku Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Aljirif inda mijinta ke buga jan bulo a bakin kogi. Ta sauke tob ɗinta, wato dogon mayafinta, a kafaɗa, ta sha ruwa, ta shiga maganar da ta kawo ta.

"Yaya, maganar siniya fa? Na yi magana da matan layi, sun ce kowace za ta ƙara hannu. Kai dai ka fita ka zauna."

Baba ya ce, "Bana a gida zan sha ruwa. Ƙafata ba ta son zaman tabarma."

Ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita tun safe har azahar! Na san ba ƙafa ba ce. Na kuma san idan ya yi wata guda a cikin gida yana jin hayaniyar abokansa ta bayan katanga, to ba azumin kaɗai zai wuce shi ba, mutumin da na sani ne zai tafi gaba ɗaya. Na riga na rasa ɗaya. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ni zan yi siniyar."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke? Ikon Allah! To ki je wajen maƙwabta su nuna miki."

Ba zan je ba. A zaman makoki na ji da kunnena wata daga cikinsu tana raɗa wa ta kusa da ita, "Miskina, ga jami'a, amma ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Ni mai zuciya ce, wannan a wajen Inna na gado. Na rantse a raina ko zan ƙona gidan ba zan tsuguna gaban matar nan da kwano ba. Abin da ya rage mini shi ne talabijin.

Muna da wata tsohuwar talabijin a ɗakin Inna, da dish a kan rufi wanda iska ke juyawa idan ta ga dama. Na lalubo wata tashar Masar da ke nuna girki da safe, a maimaita da yamma. Matar da ke yi fara ce sol, kicin ɗinta ya fi asibiti tsabta, komai an yanka mata an zuba a ƙananan kwanukan gilashi. Ban taɓa ganin ta fere albasa ba, balle ta yi hawaye. Ta zuba wannan, ta zuba wancan, ta sa a tanda, ta yi murmushi, sai ta jawo wani wanda ya riga ya gasu. Ni kuma ina zaune a ƙasa da littafin lacca, na juya shi ta baya ina rubutu kamar za a yi mini jarrabawa. Sau da yawa ana tsakiyar bayani sai a ɗauke wuta. In zauna da rabin girki a takarda ina zagin wanda ban sani ba. Akwai wata miyar kaza da har yau ban san yadda ta ƙare ba.

Kasuwa kuwa na sha kunya. Na je wajen wani tsoho mai kayan yaji na ambata masa sunan wani ganye da matar ta ce dole sai da shi. Ya dube ni, ya dubi buhunansa, ya ce, "'Yar nan, maganin me yake yi?" Haka zan cika leda da abin da na samu, in hau motar haya daga Khartum, a tsallaka gada, a shiga cunkoson Umdurman, ledar tana kan cinyata ina kare ta kamar jaririya.

Baba ne ya sha gwaji a waɗannan makonni. Duk abin da na ajiye masa sai ya ci loma uku ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Shinkafa ta caɓe, alhamdu lillahi. Kaza waje ya ƙone ciki da jini, alhamdu lillahi. Na ce masa, "Baba, don Allah ka faɗi gaskiya." Ya ce, "Ai gaskiyar ke nan, akwai wanda bai samu ba." Da irin wannan alƙali ina mutum zai san inda ya kwana?

Ranar ɗaya ga azumi na fitar da abin da nake taƙama da shi: makaroni da farar miyar madara da niƙaƙƙen nama, irin wanda ake gasawa samansa ya yi ja. Ba mu da tanda, don haka na kai gidan burodin bakin layi aka sa mini a wuta. Ya fito da kyau, wallahi ya fito da kyau, kamar na talabijin. Na yanka tumatir na yi masa fure a kai. Baba ya sa farar jallabiyarsa, ya tsaya yana kallon siniyar jim kaɗan, ya ɗauka ya fita. Raina ya yi fari. Na ruga na manna ido a wata kafa da ke jikin ƙofar langa-langa.

Aka kira salla, aka ci dabino, aka kurɓi hilumur. Hannuwa suka miƙa. Na ga wani dattijo ya kai hannu kan makaronina, ya taɓa, ya ji zafi, ya janye. Ya sake gwadawa, abin ya biyo yatsunsa yana ja. Ya rasa yadda zai dunƙula shi loma. Ya kai ɗan kaɗan baki don kunya, ya juya kan asidar maƙwabta. Sai a lokacin na gane wautata. Abincin cokali mai yatsu na aika wa mutanen da ke ci da hannu, mutanen da suka wuni a rana suna mafarkin tuwo da miya mai yauƙi. Siniya ta dawo furen tumatir yana nan daram. Gefe ɗaya kawai aka ci, aka ci sosai, daidai inda Baba ya zauna.

"Sun ƙoshi da wuri," in ji shi. Ya kwanta yana riƙe da ciki.

Washegari na bar matar Masar da gilasanta na koma tashar gida. A nan na samu wata mata mai jiki, baƙa, da tob mai ruwan ganye, tana girki bayan azahar. Ita wannan tana fere albasa da hannunta, tana share ido da bayan hannu, tana hira kamar a tsakar gida. Na so ta tun ranar farko. Har yau idan na tuna ta sai in yi mata addu'a, don ita ta koya mini abin da Inna ta hana ni. Ita ta nuna mini a dama ƙullun dawa da ruwan sanyi kafin a zuba a tafasasshe, shi ya sa ba ya gudaji. Ta nuna yadda ake danne tukunya da tsumma a tuƙa da muciya gefe guda har tuwon ya saki jikin tukunya. A shafa wa kwano mai, a zuba, ya huce, a kife, ya fito sumul. Miyar tagaliya kuma a soya albasa ta yi ja, a sa dakakken busasshen nama da tumatir, busasshiyar kuɓewa da muke ce wa weka ita ce ta ƙarshe, ana barbaɗawa ana burgawa. Komai tana ba da awo, kofi kaza, cokali kaza. Sai an zo kan gishiri ta ce, "Gishiri kuma daidai bakinki, 'yar uwa." Ta ɗebo miya a cokali, ta kai baki, ta lumshe ido.

Daidai bakina? Bakin da ke azumi? Siniya kuma dole ta kai tabarma kafin a kira salla, babu damar in jira in sha ruwa in ɗanɗana. Na buga wa Gwaggo waya. Ta ce, "Ki taɓa a harshe ki tofar, malamai ba su hana ba." Na gwada. Harshen da ya wuni a bushe ba ya faɗin gaskiya, ni kuma ban ma san ɗanɗanon da nake nema ba. Shekara ashirin ina cin miyar Inna, ban taɓa tsayawa na lura ba.

Ranar biyu tuwon ya yi gudaji, ba a ma kai ga maganar gishiri ba. Ranar uku tuwo ya yi, amma tsoro ya sa na barbaɗa gishiri kamar mai awon magani, miya ta fito salam. Aka taɓa aka bari. Ranar huɗu na ce yau ba za a raina ni ba, na cika cokali biyu na antaya, na ƙara na uku don kada a ce. Ina laɓe a bayan ƙofa na ji tari ya tashi a kan tabarma, ana ta neman ruwa. Wani abokin Baba, mai sayar da tayoyi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, ruwan miyar nan daga tekun Bur Sudan aka ɗebo shi?" Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba, irin tsokanar da Baba kansa yake yi wa mutane ce. Amma ban ji muryarsa ya rama ba. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar biyar, ina haɗa siniya, Baba ya ce, "Bar shi, Uwata. Yau ƙafar ta tashi." Muka sha ruwa mu biyu a ƙarƙashin rumfa. Ta bayan katanga muna jin ƙarar kwanuka da gaishe-gaishe. Can sai ga sallama, an aiko mana da kwanon asida daga gidan matar nan da ta yi raɗa a makoki. Irin aiken da ake yi wa gidan mara lafiya. Na karɓa na yi godiya, ina cike da haushi. Abin takaicin, miyarta ta yi daɗi.

Ranar shida ma haka. Na kasa haƙuri. Na ajiye kofina na ce, "Baba, ƙafar nan ba ta yi komai ba. Kunyata kake ji. Ka faɗa kawai, na ba ka kunya a gaban abokanka."

Ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya daɗe yana juya ƙwallon dabino a hannunsa. Ya ce, "Ba kunyarki nake ji ba." Ya tashi ya yi alwala. Ni kuma na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, har Inna sai da na ji haushinta da ta tafi ta bar ni da littafi a hannu.

Ranar bakwai ba ni da lacca. Bayan azahar Baba ya dawo daga shago ya kwanta a gadonsa, ni kuma na kunna talabijin, ƙofar ɗaki a buɗe. Matar tob tana miyar madara mai tsami. Aka zo wajen, ta ɗaga cokali, ta kai baki, ta lumshe ido. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haba baiwar Allah! Da rana tsaka, a watan azumi, kina lasar cokali a gaban jama'a? To mu da muke azumin yaya za mu yi?"

Daga rumfa na ji Baba ya ce, "An ɗauka tun kafin azumi, Uwata. Kada ki ɗauki alhakinta." Kamar da ɗan murmushi a muryar.

"To ta faɗa mini cokali nawa mana! Komai ta auna, gishiri ne ya gagare ta?"

Na kashe talabijin na shiga kicin. Na ce ko zai fita ko ba zai fita ba, ni dai zan dafa. Na hura gawayi, na tuƙa tuwo, na kife shi ya fito lafiya. Na haɗa tagaliya, ƙamshinta ya yi daidai da wanda na sani. Sai na ɗauko gwangwanin gishirin Inna, wani tsohon gwangwanin madara da murfinsa ya lotsa, na tsaya a kan tukunya. Na ɗeba na mayar. Na sake ɗeba na mayar. Ana kiran la'asar ina nan tsaye.

Haske ya ragu a kicin. Na juya na ga Baba a bakin ƙofa, ya dafa katako da hannu ɗaya. Ƙofar gajeriya ce, sai an sunkuya. Bai sunkuya ba, bai koma ba. Idonsa yana kan 'yar kujerar da Inna ke zama, wadda ni ma ban taɓa zama a kanta ba, a tsugune nake girki.

"Baba, ruwan alwala kake so?"

Ya girgiza kai. Ya cire takalmansa, ya sunkuya, ya shigo. Ban taɓa ganinsa a cikin kicin ba tunda aka haife ni. Ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni gwangwanin."

Na ba shi. Ya leƙa tukunya, ya karɓi ludayi ya juya miyar sau ɗaya yana duba yawanta. Ya yi bisimilla, ya sa yatsu uku ya ɗebo ya barbaɗa. Ya sake, ya sake. Na huɗun ya ɗebo, ya murza rabi ya koma gwangwani, ya zuba sauran. Ya kaɗe hannu a jikin jallabiyarsa kamar wanda ya saba.

Na saki baki ina kallonsa.

Ya ce, "Uwarki ba ta taɓa zuba gishiri a miyar azumi ba. Ni nake zubawa."

"Kai, Baba?"

"Ni." Ya jingina da bango. "Azuminmu na farko, a Jazira, muna zaune a bukkar ma'aikatan gona. Tana amarya, ba ta kai shekarunki ba. Ta yi miya, na fita da ita, gishiri kamar a kashe mutum. Naki na ran nan wasa ne. Aka yi mini dariya, na dawo ina faɗa. Washegari da la'asar ta kira ni, ta dangwara mini gishiri a gaba ta ce, tunda kai ne za ka ji kunya a waje, kai za ka zuba. Idan ya yi yawa, hannunka ne." Ya yi 'yar dariya. "Na zuba, Allah ya sa ya yi daidai. Shi ke nan na shiga uku. Ta ce ba ta ƙara taɓawa. Shekara talatin da wani abu, duk la'asar ɗin azumi sai na ɗauki buta kamar zan yi alwala, in zagayo in shigo nan. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, kada matan layi su ji."

Ni a wannan lokacin kullum ko ina hanyar dawowa daga makaranta, ko ina barcin yunwa a ɗaki. Ban taɓa gani ba, ko sau ɗaya.

Zuciyata ta so ta tashi. Na ce, "To Baba, kana ganin abin da nake sha kwana shida, me ya hana ka faɗa mini?"

Ya dube ni, idonsa ya cika. "Na zo, Uwata. Sau uku ina ɗaukar buta ina zuwa bakin ƙofar nan. Sai in ga kujerarta, ƙafata ta ƙi shiga. Tun ranar da aka fita da ita ban iya kallon wurin nan ba. A waje kuma, duk lomar da na kai baki sai in tuna ba ita ta tuƙa ba, ba ni na zuba ba. Ba ke ba ce. Ke kin yi abin da ya fi ƙarfinki."

Duk faɗan da na tanada ya narke. Na ji tausayinsa ya rufe ni, irin wanda ban taɓa ji wa wani mahaluki ba. Kwana shida ina zaton girkina yake gudu, ashe mutumin kewar matarsa ce take cinsa, ni ina can ina faɗa da talabijin. Na yi kuka, shi ma ya yi, muna tsaye a wuri ɗan ƙarami, miya tana tafasa a tsakaninmu. Sai da ƙauri ya fara tashi na zabura na sauke tukunyar.

Na share fuska na ɗauko littafina. "To nuna mini. Yatsu uku sau nawa? In auna da cokali in rubuta."

Ya ture littafin a hankali. "A'a. Ke ki tuƙa tuwonki, ki bi malamarki ta talabijin, ta iya. Wannan aikina ne, ki bar mini shi."

Rana ta yi ja. Na jera tuwo da miya da wake da dabino, na cika jug, na rufe da faifai, na bar siniyar a kan tebur a tsakar gida na koma gefe. Ya fito daga ɗaki da farar jallabiya, ya naɗa rawaninsa. Ya ɗauki siniyar ya ce, "Buɗe mini ƙofa."

Na ce a raina yau ba zan leƙa ba. Ban kai minti biyu ba na manne da langa-langar. Na ga an matsa masa wuri, mai tayoyi yana cewa, "Maraba da mai ƙafa!" Aka kira salla. Ni ma na jefa dabino a baki a tsaye, ban bar wurin ba. Dattijon nan ya kai hannu kan tuwona, ya gutsura, ya dangwala, ya kai baki. Ya sake kai hannu. Wani ya jawo kwanon gabansa. Aka tsayar da wata raksha, mutum biyu suka sauko, aka zaunar da su daidai siniyarmu. Mai tayoyi ya ce wani abu da ban ji ba, sai na ji muryar Baba ta tashi sama da ta kowa yana rama masa, tabarma gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Na zame na zauna a ƙasa a bayan ƙofa. Sai a lokacin na tuna na rage miya a tukunya. Na je na ɗanɗana. Miyar Inna ce, ba ragi.

Bayan an yi magariba ya shigo da siniyar a hannu ɗaya, tana lilo, alamar babu nauyi. Ya ajiye a gabana. Na ɗaga faifai, kwanon miya an suɗe shi har yana ƙyalli. Na ɗago ina jiran ya yaba, don ni ma ina son a yaba mini. Shi kuwa takalmi yake cirewa, yana neman butarsa.

"Tuwon ya yi kaɗan," in ji shi. "Malamarki ta mutum huɗu take dafawa, mu a waje ba a san adadinmu ba. Gobe ki ninka garin, ki ɗauko babbar tukunya. In la'asar ta yi ki kira ni."